Mai Tonon Asiri da Nasa Asirin

Mu da muke riƙe alƙalami a zauren dattawa, tun muna makarantar allo aka hore mu cewa bin diddigin sirrin mutane haramun ne. Shi ya sa labarin jaridar News of the World ta Ingila bai gushe yana damunmu ba.

Tun 1843 take fitowa kowace Lahadi, abincinta tonon asirin manya. A shekarar 2000 ta shiga buga sunaye da hotunan masu lalata da yara, wai kishin 'ya'yan jama'a take yi. Ashe a 2002 wani mai bincike da take biya ya kutsa cikin saƙonnin wayar wata yarinya 'yar shekara 13 da ta ɓace, iyayenta na can suna cigiya, alhali an riga an kashe ta.

Da aka fara taɓo nata asirin, sai ta yi shekaru tana cewa laifin ma'aikaci ɗaya ne. Jaridar Guardian ta fasa ƙwan a Yulin 2011, kafin mako ya zagayo aka rufe ta. Watanni bakwai bayan haka, kamfanin Rupert Murdoch ya fito da wata jaridar Lahadin a gurbinta.