Lambar da ke Jikin Buhu

Idan sanyi ya ja baya, aka fara cirar albasa a fadamun Sabiyal, akwai wani gwangwanin madara da kawuna kan ciro daga ƙarƙashin rumbu. Jan fenti ne a ciki, sai tsinken kara da aka naɗe wa tsumma a baki. Kafin a ɗora buhu ko ɗaya a mota, sai ya bi su ɗai-ɗai yana zana da'ira da layi biyu a ƙarƙashinta. Bai yi boko ba, ajaminsa ma na lallaɓawa ne, amma wannan zane bai taɓa kuskure masa ba. Ran da na tsaya ina kallonsa har ya gama buhu na ashirin, sai ya ɗago ya ce, "Yaro, mi kaka kallo? Sunana nika rubutawa."

Mota guda kan kwashi kayan mutum goma ko fiye daga Aliero zuwa Legas ko Anaca. Amfanin farko na lambar shi ne kada kaya su cakuɗe a wurin saukewa. Amma a hankali ta samu wani aiki da ya fi wannan. Masu saye a can kudu, waɗanda ba su taɓa ganin fuskar kawu ba, sun gane cewa mai da'ira da layi biyu ba ya jera manya a bakin buhu ya cusa ruɓaɓɓu a gindi. Sai suka riƙa neman lambar tun kafin a kwance igiya, har su ƙara wani abu a kan farashin ranar.

Wata shekara wani maƙwabci ya ga haka, shi ma ya samo jan fenti. Ba a je kotu ba, ba a ma kai maganar gaban alƙali ba. Dattawan 'yan albasa ne suka zaunar da su a gindin bishiya, aka kawo buhun aka zazzage shi a gaban jama'a, aka ce mutumin ya goge lambar da hannunsa. Ya goge. Tarar da ya biya ba ta taka kara ta karya ba, kunyar ce ta zauna masa shekaru, domin har 'ya'yansa sai da aka riƙa tsokana da ita a makarantar allo.

Wannan tsari ya girmi kawu nesa ba kusa ba. Makiyaya sun daɗe suna tsaga kunnen dabba ko su yi mata lalas da ƙarfe mai zafi, yadda ko a tsakiyar garke dubu mai ita zai nuna ta. Jega kuwa, tun da Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana ya kafa ta a farkon shekarun 1820, ta zama matattarar fatake masu zuwa Gwanja neman goro da masu kawo gishiri da kanwa da tufafi. A irin wannan kasuwa baƙo ba ya ciniki da ka. Yana da mai masauki da ke tsaya masa, akwai dillalin da ya san wane ne ke da kaya na gari, akwai sarkin kasuwa da ake kai wa ƙara. Mutuncin waɗannan mutane shi ne rajistar wancan zamani. Idan ka cuci baƙo, mai masaukinsa ka cuta, kuma gobe za ku haɗu a masallaci.

Ta fuskar aikin ƙwaƙwalwa ma akwai ƙa'ida, sai dai ba irin ta yau ba. Littattafan Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya rasu a 1829, da hannu ɗalibai suka riƙa kwafarsu daga wannan zaure zuwa wancan. Babu wanda ya ɗauki kwafa a matsayin sata. Neman lada ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a goge sunan mawallafi. Mai kwafa kan rubuta sunan mai littafi, sannan ya sa nasa a ƙarshe yana roƙon addu'a. Marubuta waƙoƙi sukan saƙa sunansu a baitocin ƙarshe, su ɓoye shekarar a cikin ramzi. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo kuwa, ladansu a take yake: riga, doki, kuɗi, wani lokaci har kujerar Makka. Duk wanda ya rera waƙarsu a gona ko a bakin rijiya, talla yake yi musu. Suna ake karewa, ba kwafi ba, domin kwafi a lokacin wahala ce, ba riba ba.

Kaset ne ya birkita wannan lissafi. Na tuna rumfunan masu rikoda a kasuwar Jega, inda za ka miƙa kaset marar komai a cika maka shi da Shata ko wa'azi kafin ka gama cefane. Mai rumfa ya samu, mai sayar da batir ya samu, mai muryar bai san ana yi ba. Ƙorafin mawaƙa da marubuta a faɗin ƙasa ne ya sa gwamnatin soja ta maye gurbin dokar haƙƙin mallaka ta 1970 da Doka mai lamba 47 ta 1988, aka kuma kafa majalisar kula da haƙƙin mallaka a 1989, wadda daga baya ta zama hukuma. Amma doka tana Legas, rikoda tana Jega.

'Yan fim na Kano, da suka fara da Turmin Danya a 1990, sun ƙirƙiro tasu dabarar. Tun da ba za a iya hana kwafar kaset ba, sai furodusa ya buga kwalayen da ake zura kaset ɗin a ciki, ya sayar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, su kuma su kwafi fim ɗin gwargwadon yawan kwalayen da suka saya. Kaset mai kwalin asali shi ne halal, marar shi na sata. Duk lokacin da na tuna wannan, gwangwanin kawu nake gani: abin da ke ciki kowa na iya samu, shaidar da ke waje ita ce dukiyar. Da faifai ya zo, sannan masu turi suka fara zuba fim goma a katin waya a kan kuɗin da bai kai na kwanon tuwo ba, sai kwalin ma ya rasa wurin zama. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta waiwayi wannan ɓangare, har ta ba mai aiki damar neman a sauke kayansa da aka ɗora a intanet ba da izninsa ba. Ta kuma ci gaba da kare rubutu da waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai su, fim da sautin da aka naɗa kuma shekara 50 daga fitowarsu. Ke nan magadan Shata, wanda ya rasu a 1999, suna da haƙƙi a kan waƙoƙinsa har ƙarshen 2069, ko sun sani ko ba su sani ba.

Iyayenmu mata sun ga nasu sauyin a jikin atamfa. A da, idan ana haɗa lefe, goggona kan juya turmi ta duba rubutun gefensa, ta shinshina, wani lokaci har ta ɗan lasa, sannan ta yanke hukunci: wannan Holan ce, wannan Ingila, wannan 'yar Kaduna. Masaƙar UNTL da aka kafa a Kakuri ta Kaduna a 1964 da 'yan uwanta sun ciyar da dubban gidaje, ciki har da na manoman auduga. Sai ga atamfa daga ƙasar Sin tana shigowa ta kan iyakokin Benin da Nijar, zanen iri ɗaya, takardar da aka manna iri ɗaya, har rubutun gefen an kwaikwaya, farashi kuma ƙasa warwas. Sai an kai ta ruwa take tona asirin kanta. Rashin wuta da tsadar man injin sun riga sun raunana masaƙun, jabu ya zo ya ƙarasa su. UNTL ta rufe ƙofa a 2007. A nan ne muka gane iyakar hukuncin gindin bishiya. Wanda ya saci lambar yana can bayan teku, bai san dattawanmu ba, ba kuma za a tsokani 'ya'yansa a makarantar allo ba.

Abin da ya maye gurbin dattawan shi ne takarda. Dokar alamun kasuwanci ta 1965, wadda ta fara aiki a 1967, ta tanadi ofishin rajista da yanzu yake Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki. Ana bincika ko wani ya riga ka, a buga alamarka a mujallar ofishin, a jira wata biyu ko akwai mai ja, sannan a ba ka shaida ta shekara bakwai, wadda za ka riƙa sabuntawa duk shekara 14. Kaya aji-aji ne; ɗanyar albasa tana aji na 31. Rigima idan ta taso, Babbar Kotun Tarayya ake zuwa. Yawancin matasanmu da ke ƙulla garin albasa, yaji ko shinkafa a leda mai hoto sun ɗauka da zarar sun yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC sun gama. Wannan takarda ta shago ce, ba ta tambarin da ke jikin leda ba. Gaskiya ne kotu kan kare sunan da ya riga ya yi fice ko ba rajista, kamar yadda ta yi a 1961 lokacin da ta hana wani kantin magani a Anaca amfani da sunan Nigeria Chemists saboda ya yi kama da Niger Chemists da ke kan titi ɗaya. Amma mai bin wannan hanya sai ya tara shaidu ya tabbatar da ficen nasa, mai rajista kuwa takardarsa ce ke fara yi masa magana.

Akwai darasin da ya fi kusa da mu a Galmi, garin albasa da ke jihar Tawa a Nijar. Wajen 2009 manoman can suka farga cewa wani kamfanin iri na Senegal ya nemi a mallaka masa irin albasarsu da sunanta a ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Suka tayar da ƙura, gwamnatinsu ta shiga, kamfanin ya saki sunan. Daga bisani aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu. Najeriya ba ta cikin OAPI, kuma dokarmu ba ta barin mutum ɗaya ya wawure sunan gari cikin sauƙi, amma ta yarda ƙungiya ta yi rajistar tambarin tabbatar da inganci, ta shimfiɗa sharuɗɗa, duk manomin da ya cika su ya buga shi a buhunsa. Albasar Aliero ta yi suna daga Legas har Gana, masu ɗorin Aliero ma haka, amma sunan yana yawo kamar akuyar da ba a tsaga wa kunne ba.

Kawu ya daɗe da rasuwa. Jikansa ne ke lodi yanzu, ciniki kuma ta waya ake gama shi kafin mota ta wuce Koko. Da na je gida bana, na tarar yana buga lambarsa da faranti da aka huda da fentin feshi: da'ira da layi biyu, sai lambar wayarsa a ƙasa. Na tambaye shi idan wani a Legas ya kwaikwaya, wa zai kai wa ƙara. Ya yi shiru yana juya gwangwanin a hannu, sannan ya ce, "Baba, to nawa ne kuɗin motar Abuja?"