Ba Dannau Ba Ne, Garwashi Ne

Wanda bai taɓa kwana a Jos cikin watan Janairu ba, bai san iyakar hunturu ba. Garin yana bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, saboda haka sanyin asuba a can yakan ratsa har ɓargo. A nan ne wani mai shayi, mutumin ƙasar Katsina, ya yi shekaru yana sana'arsa a bakin tasha, yana kwana a wani ɗan ɗaki tare da ƙanensa wanda ya zo cin rani.

Wata rana da tsakar dare, bayan sun tattara kayan shayi, sai ya dubi sauran garwashin da ke cikin kurfoti ya ga asara ce a kashe shi da ruwa alhali kuwa haƙoransu na kaɗawa. Ya juye shi a kasko, ya ƙara gawayi, ya dakata a waje har hayaƙi ya ɗauke, domin tun yana yaro ya ji ana cewa hayaƙi shi ne mai cutarwa. Sa'an nan suka shiga da shi, suka toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma, suka liƙe taga da kwali, suka kwanta.

Mai kawo burodi ne ya cece su. Ya zo da asuba kamar kullum, ya yi ta sallama shiru, har ya kira maƙwabta aka ɓalle ƙofa. Mai shayin yana jin muryoyinsu, amma ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa, kansa kuwa kamar ana sara da gatari. Ƙanen ya yi amai a inda yake kwance. Da ya farfaɗo a waje, abin da ya fara cewa shi ne, "Yaya, Dannau ne ya hau mu." Maƙwabta kuwa ba su tsaya nan ba. Kafin hantsi magana ta bazu cewa sammu ne, har an fara kallon wani mai shayi na tsallaken titi da wani irin ido.

A asibiti likita bai tambaye su abin da suka ci ba. Ya ce, "Malam, da wuta kuka kwana?"

Ga yadda al'amarin yake. Wuta ba ta ci sai da wani sashe na iska wanda ake kira oksijin, watau shi dai wanda ɗan Adam ke shaƙa ya rayu. Idan gawayi ya sami oksijin isasshe, yawancin abin da yake fitarwa iska ce da ake kira kabon dayoksaid, irin wadda mutum ke fitarwa da numfashinsa. Amma idan aka rufe ɗaki, oksijin ya yi ƙaranci, sai ƙunar ta zama rabi da rabi, wata iska dabam ta yawaita, kabon monoksaid. Ita wannan ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Hayaƙi maƙiyi ne mai sallama, yana shiga ido mutum ya tashi ya buɗe ƙofa. Jan garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da gubar ba, gargaɗin kawai ya daina yi. Dabarar da mai shayin ya dogara da ita, ita ce ta kusa kai shi kabari.

A cikin jini akwai wani sinadari, himogulobin, wanda aikinsa dakon oksijin ne daga huhu zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. Kabon monoksaid tana kama wannan ɗan dako da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, kuma idan ta hau ba ta sauka da wuri. Mutum yana numfashi, ƙirjinsa na hawa da sauka, amma jininsa yana kai kayan da ba su da amfani. Da fari ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sa'an nan kasala ta kashe gaɓoɓi, shi ya sa wanda ya farka yakan kasa kai wa ƙofa. Wanda ke barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa. Ko an fito da mutum sarari, sai an yi awa 4 ko 5 kafin rabin gubar ta bar jininsa, amma idan aka sa masa tsantsar oksijin a asibiti lokacin yakan ragu ƙwarai.

Turawa ma sun daɗe suna shan wannan wuya a ramukan haƙar kwal. A shekarar 1896 wani masani ɗan Sikotlan, Jon Halden, ya binciki gawarwakin mahaƙa bayan wata fashewa a Wales, ya tarar yawancinsu wannan iska ce ta kashe su, ba wuta ba. Shi ya ba da shawarar a riƙa shiga rami da ƙananan dabbobi, domin su ta fi saurin kayarwa. Kanari, tsuntsun nan da ake kiwo a keji don kukansa, ya yi wannan aiki a Birtaniya har 1986, sa'ad da na'urori suka karɓe shi.

Janareto ma ita yake fitarwa, da yawa kuwa. Wanda ya tayar da shi a zaure ko a lungun ɗaki don gudun ɓarayi ko ruwan sama, kaskon mai shayin nan ya ajiye, mai girma. Idan aka wayi gari mutanen ɗaki ɗaya duk sun kwanta da ciwon kai lokaci guda, ko aka iske su babu rai, abin takaici shi ne akan fara tuhumar tuwon dare da hannun da ya tuƙa shi, ba a tambayi abin da ya kwana yana ci a kusa da su ba.

Bayan kwana biyu mai shayin ya koma bakin teburinsa. Da kansa ya tsallaka titi ya gai da abokin sana'arsa a gaban jama'a, ya sha shayinsa kofi guda. Ya sayi bargo biyu a gwanjo, ya cire kwalin taga. Ƙanen har ya koma gida da damina bai janye maganar Dannau ba, amma kowane dare shi ne mai zuba wa garwashi ruwa kafin su shiga ɗaki.