Na'ura Ba Ta San Uwar Amarya Ba

Mu da muke rubuta manhaja da rana, mu yi DJ a bukukuwan Malikanchi da Ikara da Makarfi da dare, mun san sirrin Automix na VirtualDJ. Bugun waƙa yake ƙirgawa a minti ɗaya, ya daidaita mai zuwa da mai fita, ya haɗa su. Lissafi ne zalla.

Lissafi kuwa bai san uwar amarya ta shigo fili ba. Bai san liƙi ya kankama, a bar waƙar Ado Gwanja ta sake zagayowa ba. Mai kalangu da ido yake kiɗa.

Mu bar wa na'ura bugu, mu riƙe fili. Ranar da muka daina kallon jama'a, mai biki zai gane wayarsa ma ta ishe shi.