Kafin Ka Sayar Da Gona Ka Tafi Malabo

A hutun Babbar Salla na je gida Azare, to ran nan bayan sallar lisha muna zaune a ƙofar gida sai ɗan Baffana, wanda tela ne a kasuwa, ya jawo ni gefe ya ce, "Yaya, akwai wata shawara." Wai wani mutum ya yi masa alkawarin kai shi Malabo, inda ɗinkin riga ɗaya yakan kawo abin da yake samu a mako, amma kuɗin da aka yanka masa ba za su samu ba sai an sayar da gonar gadonsu da ke kan hanyar Katagum. Ya san na taɓa yin wata biyu a can a kan aiki, don haka yake so in sa baki wajen mahaifiyarsa. Ban sa bakin ba. Abin da na gaya masa a daren nan shi ne nake so in maimaita a wannan fili, domin na lura ba shi kaɗai ne ke wannan mafarki ba.

Malabo dai tana kan tsibirin Biyoko ne, a ƙasar Ikwatoriyal Gini, wadda ta samu mulkin kai daga Sifen ran 12 ga Oktoba, 1968. Tsibirin yana cikin teku kudu da Kalaba, daura da gaɓar Kamaru, sauran ƙasar kuwa tana kan tudu tsakanin Kamaru da Gabon, kuma babban garin can shi ne Bata. Agogonsu ɗaya da namu. Wannan kusanci shi ne ke ruɗin mutanenmu. Mun saba mutum ya tashi daga tashar Azare ya kwana Kano, ya zarce Kwatano ko Lome ko Kumasi, ya sauka a zango, ya tarar da mai jin harshensa, kuma dokar ECOWAS ta ba shi kwana 90 ba tare da biza ba. To, Ikwatoriyal Gini ba ta cikin ECOWAS. Tana cikin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya ne, tare da Kamaru da Chadi da Gabon da sauransu, harshen ofis da kotu da caji ofis kuwa Sifaniyanci ne, ko da yake an ƙara Faransanci da harshen Fotugal cikin harsunan hukuma daga baya.

Ba yau 'yan Nijeriya suka fara zuwa can ba. A unguwarmu akwai wani dattijo, mahauci ne a da, wanda ya yi ƙuruciyarsa a tsibirin, lokacin ana kiransa Fanando Fo, mutanen Kudu kuwa suna ce masa Fanya. Tun a 1942 Turawan Ingila da na Sifen suka ƙulla yarjejeniyar ɗibar leburori daga Nijeriya zuwa gonakin koko, galibi Ibo da Ibibiyo da Efik, namu kuwa suka bi su da fatauci da fawa. Bayan mulkin kai, a zamanin shugaba Masiyas Ngema, albashi ya daina fita, duka da kisa suka yawaita, har gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta tura jiragen ruwa da na sama a ƙarshen 1975 da farkon 1976 aka kwaso dubban mutane. Dattijon nan ya ce shi da tabarmarsa da butarsa ya sauka, kuɗin da ya tara kuwa takarda ce wadda ba mai karɓa a nan. An kifar da Masiyas a 1979, an kuma sami man fetur a shekarun 1990, ƙasar ta canja ƙwarai. Amma na kai ɗan'uwan nawa wurinsa washegari don ya ji da kunnensa yadda zaman baƙo yake juyewa cikin dare ɗaya.

Yanzu ga maganar takardu, wadda ita ce gaba da kome. Ɗan Nijeriya ba ya shiga sai da fasfo da biza. Ƙasar tana da ofishin jakadanci a Abuja, kuma tun 2023 akwai hanyar neman biza ta intanet, saboda haka duk wanda ya ce maka sai ta hannunsa, ka tambaye shi dalili. Bizar ziyara kuwa ba izinin zama ba ce, ba kuma izinin aiki ba ce. Wanda zai daɗe dole ya nemi katin zama tun kafin bizarsa ta ƙare, kuma idan wani ne zai ɗauke shi aiki, to a rubuta yarjejeniya, a sa albashi da wurin kwana da wanda zai biya kuɗin komowa, a kuma sami wanda ya iya harshen ya karanta masa kafin ya sa hannu. Kada ka ba kowa ajiyar fasfonka, ko da ɗan garinku ne. Game da masu cewa za su tsallakar da mutum ta kwalekwale cikin dare daga bakin tekun Kalaba, ba ni da abin cewa illa wanda ya tsira daga ruwan ya sauka ne a matsayin mai laifi, kuma haka zai zauna yana ɓuya har ranar da za a kama shi. Da ka isa, ka je ofishin jakadancin Nijeriya a Malabo, ko ƙaramin ofishin da ke Bata, su san da kai.

Ni kaina na ɗanɗana. Wata rana na fita bayan gari cikin tasi, na bar fasfo a masauki don tsoron kada ya ɓata. Muka iso wani shinge, jami'in ya miƙo hannu ya ce, "Documentos." Na yi masa Turanci, ya girgiza kai. Na yi guntun Faransancin da na tsinta a Maraɗi, bai kula ni ba. Na yi kusan awa uku a kan benci kafin mai masaukina ya kawo takardun, kuma laifin nawa ne, domin an gaya mini tun farko cewa a can ba a fita sai da shaida a aljihu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ana magana a kaina, a gabana, ban san ko sakina ake shirin yi ko rufe ni ba. Daga ranar na sayi ɗan littafi na shiga rubuta kalmomi: buenos días, wato ina kwana, gracias, na gode, cuánto es, nawa ne, no entiendo, ban gane ba. Sifaniyanci yana da wani sauƙi ga Bahaushe, domin wasulansa biyar ne kamar namu, kuma kusan yadda aka rubuta haka ake karantawa. A kasuwar Malabo akwai wani harshe da ake kira Pichi, ɗan'uwan Turancin buroka ne, wanda ya zauna Legas ko Fatakwal zai tsinci abin da zai yi ciniki da shi. Akwai kuma Hausawa mazauna can tun kaka da kakanni, masu karɓar baƙo hannu biyu. Sai dai ba Pichi ba Hausa a kan takardar haya.

Kuɗinsu sefa ce tun 1985, amma a lura, sefar Afirka ta Tsakiya ce, irin ta Kamaru da Chadi. Wadda 'yan canjinmu suka saba kawowa daga Nijar ko Binin darajarsu ɗaya, amma mai kanti a Malabo ba zai karɓa ba. Tsibiri ne, yawancin abinci shigo da shi ake yi, don haka albashin da ya yi ƙiba idan an juya shi zuwa naira a Azare yakan rame idan aka cire haya da cefane a can. Na ce wa telan namu ya lissafa da kuɗin can, kada ya lissafa da na nan. Kuɗin jirgin komowa kuwa a ware shi, a manta da shi.

Sai lafiya. Ba a shiga sai da katin rigakafin shawara, wanda ma'aikatan lafiya na filayen jiragen sama suke bayarwa, allurar kuwa sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Mu mutanen Katagum mun saba da damina ta wata huɗu da hunturu mai fasa leɓe. A Biyoko ruwa yakan shafe yawancin shekara, kudancin tsibirin ma yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a Afirka, tufa ba ta bushewa, takalmi yakan yi funfuna, sauro kuwa ba ya hutu. A tafi da gidan sauro, kuma zazzaɓi ya kwana ɗaya a je asibiti. Mu ne ya kamata mu fi kowa sanin haka, domin a ƙasarmu, a Murmur kusa da Katagum, likitan nan Bature Oudney, abokin tafiyar Clapperton, ya mutu a watan Janairu na 1824, likitancinsa bai hana baƙuwar ƙasa kayar da shi ba.

Yawancin mutanen ƙasar Kiristoci ne 'yan Katolika, Juma'a ranar aiki ce, don haka a nemi izinin zuwa masallaci tun ranar da ake daidaita aiki. Nama kuwa a saya wajen mahautanmu, don alade da naman daji suna da yawa a gidajen abinci. Kada a ɗaga waya a ɗauki hoton barikin soja ko filin jirgi ko gidan gwamnati. Mu kuma da muka saba zagin shugabanni a teburin mai shayi, sai mu bar wannan ɗabi'a a gida. Shugaba Obiyang yana kan mulki tun 1979, kuma ba a hirar siyasa da wanda ba a sani ba.

Da na gama, ɗan'uwan nawa ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To Yaya, wato kada in je?" Na ce ban faɗi haka ba. Na ce ya koma wurin mutumin ya nemi abu biyu, takardar gayyata daga wanda zai yi wa aiki, da sunan unguwar da shagon yake, don in sa wani da na sani a can ya je ya gani. Ya aika masa da saƙon tun kafin in baro Azare. Yau mako shida ke nan ba amsa, gonar kuwa an shuka mata gero da wake, kuma jiya ya bugo mini waya yana tambaya yadda ake cewa allura da zare da Sifaniyanci.