Na'urar da Ke Nuna Hujjarta

Aikina a sashen adana bayanan marasa lafiya shi ne in karanta abin da likita ya rubuta, in ba kowace cuta lambarta bisa kundin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya: sikila D57, zazzaɓin cizon sauro daga B50 zuwa B54. Da aka kawo mana manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ke raba lambobin nan nan take, na koyi darussa uku.

Na farko, amsa ba hujja ba ta da amfani a asibiti. Manhajar ta taɓa laƙa wa wata mai juna biyu ciwon suga. Allah ya sa takan shafa launin ɗorawa a kan kalmomin da ta dogara da su. Ina dubawa sai ga layin: mahaifiyarta ce mai ciwon. Haka take yi idan likita ya sa alamar tambaya a gaban tarin fuka, zato kawai yake yi, ita kuwa ta mai da shi tabbas. Gani ya kori ji; da lamba kaɗai ta miƙo, da kuskuren ya shige cikin fayil, ya bi matar har ɗakin haihuwa.

Na biyu, na'ura tana iya dacewa da alƙaluma alhali dalilinta gurgu ne. A shekarun 1990, masu bincike a Amurka sun horar da kwamfuta ta hango masu ciwon nimoniya da ke cikin haɗarin mutuwa. Sai ta koyi cewa masu asma haɗarinsu kaɗan ne. Gaskiyar lamarin ita ce, ana garzayawa da su sashen kulawa ta musamman, shi ya sa suke rayuwa. An gano wannan ne saboda ɗaya daga cikin tsare-tsaren kwamfutar da suka gwada yana rubuta ƙa'idojinsa yadda mutum zai karanta.

Na uku, nauyin yana wuyanmu. Da lambobin nan ake ƙidaya cututtuka, a ware magani, a biya kuɗin inshora. Na'ura ba za ta tsaya gaban kowa ta amsa tambaya ba; mu ne za mu tsaya.

Don haka duk asibitin da zai sayi irin wannan manhaja, ya fara sa ta nuna layin da ta karanta da kuma inda take kokwanto. In ta kasa, kada a damƙa mata fayil ɗin majinyaci ko ɗaya.