Hoton da ke juyawa



Da wuya a shiga gidajenmu ba a ga hoton nan da alhazai ke kawowa tsaraba ba: ka tsaya dama ka ga Ka'aba, ka matsa hagu sai koriyar ƙubbar Madina ta fito. A kasuwar Adjamé har rula ta 'yan lakwal akwai, mai damisa tana buɗe baki. Ƙannenmu cewa suke da batir a ciki. Kakar ɗayanmu kuwa, can Treichville, sa wa ta yi aka cire mata shi daga ɗaki, wai ita ba ta kwana da abin da ke motsi ba rai. Abin ya tsaya mana, don tsarabar marigayi mijinta ce.

Ba mu taɓa na Ka'aba ba, rula muka sayo muka bincika. In ka ja farce a kanta za ka ji ƙirr, robar duk tudu-tudu ce, siraran layuka, wasu har 75 a inci guda. Kowane layi ɗan gilashi ne mai lanƙwasa haske. A ƙarƙashi hotuna biyu ne aka yanka siri-siri aka jera, na wannan, na wancan. Daga inda ka tsaya, layin sai ya nuna maka yanki guda ya ɓoye ɗayan. Mai bugawa ya kuskure ko da kaurin gashi, to hotunan sun cakuɗe ke nan.

Malam ya ce ai ilimin gidanmu ne. Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, ya yi bayanin lanƙwasar haske a Kitabul Manazir. Wallahi ranar mun ji kanmu ya yi girma.

Gilashi ya fi ƙarfinmu, sai muka ninke kwali kamar mafici, muka rubuta Haƙuri da Godiya da ajami, muka yanka kowanne gida 20 muka manna, ɗaya a kowane gefen tudu. Ranar Lahadi muka hau bas muka ƙetare gada zuwa Treichville.

Kaka ta juya shi dama, ta juya hagu, ta sa yatsa ta shafa.

"Au, yankawa kawai aka yi?"

"Shi ke nan, Kaka."

"To ku ɗauko min na Alhaji a ƙarƙashin akwati. Wannan ma ku bar min shi."