Jitar Talaka Mai Tsirkiya Bakwai: Abin Da Nake Roƙon Maƙera

Duk lokacin da na ce ina neman jitar lantarki mai tsirkiya bakwai, sai abokaina su tuna mini da marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya ratsa duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak. Gaskiyarsu ne, yawan tsirkiya ba ya mai da mutum makaɗi. Sai dai wanda kunnensa ya taɓa jin amon tsirkiya ta bakwai, mai kauri da zurfi kamar rugugin hadari daga nesa, da wuya ya manta da shi.

Jitar da aka saba gani tsirkiya shida gare ta. Ta bakwai ƙari ce daga ɓangaren kauri, ana ɗaure ta a kan muryar da ake kira B, ƙasa da E wadda ita ce iyakar mai shida. Ba sabon abu ba ne. Tun 1938 kamfanin Epiphone ya ƙera wa makaɗin jaz George Van Eps irinta a Amurka. A 1990 Ibanez ya fito da samfurin Universe tare da Steve Vai, sannan ƙungiyar Korn ta yayata amonta daga 1994. Yau kamfanoni da dama na yin masu sauƙin kuɗi, kuma a nan ne na sha kashi.

Na daɗe ina adashi kafin na sa aka kawo mini wata mai ƙyalli, ja wur, wadda hotonta kaɗai na gani. Ranar da ta iso kusan ban yi barci ba don murna. Ko mako ba a yi ba na gane kyan ɗan maciji na saya. Tsirkiya ta bakwai sakwaf take kamar igiyar shanya. In na kaɗa ta da ƙarfi sai muryar ta haura ta dawo, in na haɗa ta da sauran sai sautin ya cakuɗe. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ni kuwa adon aka ba ni, aka hana ni ingancin. Saboda haka ga abin da nake roƙon duk mai ƙera jitar talaka.

Na farko, tsawon tsirkiya daga jaki zuwa ƙarshen wuya. Jita mai shida yawanci ba ta wuce inci 25.5. Tsirkiya mai zurfin murya kuwa tana son ƙarin tsawo domin ta ɗauru tamau, kamar yadda duk mai kaɗa garaya ko gurmi ya sani. Inci 26.5 ya wadatar, ƙarin inci ɗaya ke nan, amma shi ne bambanci tsakanin amo tsayayye da ɓaɓatu.

Na biyu, jaki kafaffe. Akwai jaki mai lilo irin na Floyd Rose, wanda ke zaune kan sifirin, ana lanƙwasa sauti da shi. In na ƙwarai ne abin sha'awa ne, amma kwaikwayonsa na ƙarfe mai taushi azaba ne. Tsirkiya ɗaya ta tsinke, duk sauran shidan sun kauce daga saiti. Haka ta faru gare ni a gaban jama'a wajen wani biki, na tsaya ina murɗe-murɗe, mai ganga yana harara ta. Wanda kuɗinsa kaɗan ne, jakin da ba ya motsi ne rufin asirinsa.

Na uku, wuya mai aminci. Tsirkiya bakwai sun fi shida jan itace, don haka a sa sandar ƙarfen nan ta cikin wuya wadda ake iya gyara ta gaba da baya, a kuma busar da itacen sosai. Mu da muke ƙasar hunturu mun san dalili. Da iskar ta kaɗo, itacen wuyan tawa ya tsuke, bakin ƙarafan da aka gicciya a kansa suka fito suna yankar yatsu. Gara kuma wuyan ya zama na ɗauri da kusoshi, ta yadda in ya lalace za a kwance shi a sauya.

Na huɗu, maɗauran tsirkiya masu riƙo, masu rami mai faɗin da tsirkiya mai kauri za ta shige. Sai da na kai tawa aka ƙara huda ramin kafin tsirkiyar da nake so ta shiga. Haka nan ɗan abin da tsirkiyoyi ke kwanciya a kansa a ƙarshen wuya, a yanka guraben daidai kaurin kowace, don kada ta riƙa maƙalewa.

Na biyar, maganaɗisun ɗaukar sauti. Ina son mai naɗin waya biyu wanda ke kashe gunjin lantarki, kuma wanda ba ya buƙatar batir. Masu batir suna da nasu amfanin, amma ƙarin ɗawainiya ne, kuma batir ba ya sallama kafin ya mutu.

Abin da na yafe kuwa yana da yawa: fenti mai walƙiya, adon wuya, ruwan zinariya a kan ƙarafa, da sunan wani shahararre a goshin jita. A ba ni baƙa wuluk ba zane, a zuba kuɗin a inda hannu da kunne za su shaida.

Mdou Moctar na Nijar ya fara ne da jitar da ya haɗa da kansa da wayoyin keke, don haka ban ce kayan kirki ne ke yin makaɗi ba. Abin da nake tsoro shi ne ɗalibin da zai tara kuɗin shekara ya sayi irin tawa, ya yi ta fama sauti ya ƙi daidaita, ya ɗauka hannunsa ne bai iya ba, ya jingine ta a bango har abada. Ni ma saura ƙiris in yi haka. Na sake shiga adashi, kuma wannan karon, kafin in tambayi launi, sai na ji tsawon wuya.